Hotunan da Babu Mutum a Cikinsu

Ni Hajara ce, mutuniyar Maigatari. Sai da na haura shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan rasuwar mijina, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri, hannun ya daɗe da sanin taɓarya kafin ya san biro. Malamarmu ta ce wadda ba ta son karatun ya gudu ta riƙa rubuta layi uku kullum, kan duk abin da idonta ya gani. Na riƙe wannan. 'Yata ta fari kuma da ta sauya waya sai ta ba ni tsohuwar, gilashinta a tsage amma tana ɗaukar hoto. Littafin nan da wayar nan su na sa a jaka na fita neman aiki ƙasar Zazzau. Su ne kuma suka kusa jawo a kashe ni.

A garin Kudan na fara sauka, a ƙarshen damina. Wata mata ce da muka haɗu a gidan biki ta ce in zo, tana da gidan abinci, tana neman mai tuƙa tuwo. Na iso na tarar da wata a gindin murhun, ƙanwar mijinta. Matar ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

Ta ce, “Ai da kin kira kafin ki taso.”

Na ce, “Na kira. Ke kika ce in taho da kayana.”

Ta ce, “To Allah bai yi ba.”

Na ce mata Allah ya yi, ita ce ba ta yi ba. Na ɗauki jakata. Kwana biyu na yi a rumfar tasha, ban san kowa ba, jakar ɗaure a ƙuguna. Duk wanda ya ɗan daɗe yana kallona sai gabana ya faɗi.

Amma ko a cikin wannan hali idona bai daina aikinsa ba. Mu a wajenmu yashi ne da gero da riɗi, sai bishiyar aduwa nan da can. A bayan tashar Kudan na ga gonar rake, tsayinta ya wuce mutum a kan raƙumi, kore shar har inda ido ya tsaya, iska na bi ta kai tana kwantar da shi kamar ana shafa kan yaro. Ban ci komai ba ranar, amma na ciro waya na ɗauka. Na rubuta a littafi: “Rake a Kudan. Ashe akwai ƙasar da ruwa bai ƙi ba.”

Ina da doka ɗaya a ɗaukar hoto: ba na ɗaukar mutum. Tun a kasuwar garinmu na koyi wannan, ranar da na ɗaga waya kan wata mai sayar da kuka ta buge min hannu ta ce, “Kin tambaye ni?” Kuma gaskiyarta. Daga ranar sai bishiya, sai gona, sai hanya, sai dabbobi. In mutum ya shigo sai in jira ya wuce. A ganina tarbiyya ce nake yi.

Daga Kudan na wuce Makarfi. A tasharta Allah ya haɗa ni da Gwoggo Dije, wata tsohuwa mai sayar da mazarƙwaila, baki gare ta kamar reza. Ta ga ina zaune tun hantsi ban sayi ko ruwa ba, ta ɓallo gefe guda ta miƙo min.

Ta ce, “Ci, kar ki mutu kusa da kayana a ce ni ce.”

Ta tambaye ni daga ina, na faɗa mata. Ta ce, “Daga can bakin boda kika zo neman me, yashin ya ƙare ne?” Da yamma ta ɗora min kwandonta a ka, ta ce mu tafi Gubuchi.

Sati uku na yi a gidanta. 'Ya'yanta na matse rake a inji, ana dafa ruwan a manyan kasake, ni ina kwashe kumfa ina zubawa a ƙananan kwanoni ya daskare. A nan na fara sanin irin tsoron da mutanen wannan ƙasa ke kwana da shi suke tashi da shi. Ana cikin hira da dariya, in aka ji ƙarar babura fiye da biyu daga nesa, sai kowa ya yi tsit, ludayi ya tsaya a sama, har sai an ga ko su waye. A nan kuma na fara jin kalmar infoma. Wai kafin 'yan bindiga su shiga gari su ɗauki mutum, sai sun turo wanda zai duba musu hanya, ya ga gidan da ke da shanu, ya ga wanda rumbunsa ya cika. Wani lokacin mai talla ne, wani lokacin mace ce.

Na ji, na ce Allah ya kiyaye, ban taɓa kawo kaina a ciki ba.

Gwoggo takan yi min tsiya in ta ga na ɗaga waya. “Hayaƙi kike ɗauka? Ga ni nan mutum da kwallina da komai, kin tsallake ni kin tafi ga hayaƙi.” Ranar da zan tafi Ikara, don raken bai gama nuna ba aikin ya yi kaɗan, ta sa na rubuta lambarta a bangon littafina. Ta riƙe min hannu ta ce, “Hajara, ke kanki tauri ne da shi. Nan ba a shiga gari ta baya. Duk inda kika je ki fara da ƙofar mai unguwa, ki yi sallama, a san wa ya sauke ki.” Na ce to. To ɗin baki ne.

A Ikara tsinkar barkono na samu, a gonar wani Alhaji. Mu mata kusan ashirin, daga fitowar rana zuwa azahar, a sunkuye. Hannu na zafi har ka manta ka sosa ido ka yi ta hawaye. Ina tuna jikokina in rasa ko barkonon ne ke sa ni kuka ko su ne. Amma in aka shanya shi a kan fa, ja wur, ga dutse baƙi ga sama fes, wallahi sai in ji gajiyar ta sauka. Na ɗauki wannan ya fi sau nawa.

Ran nan ba a tsinka, sai na tari wani ɗan acaba da ya saba kai mu gona. Na ce ya kai ni inda ya fi ko'ina kyau a wannan yanki. Ya yi dariya ya ce, “Baba, yawon buɗe ido za a yi ke nan.” Muka wuce Janfalan, muka saki babbar hanya, muka bi wata 'yar siririya har wani ƙauye a bakin rafi. Ba zan faɗi sunansa ba, mutanensa ba su yi min abin da zan tona su ba.

Ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Rafi na gudu a kan duwatsu, an ɗora masa gadar itace. Ga rumbuna a jere an yi musu sabuwar jinka, ga fararen shanu suna gangarowa shan ruwa, ga wata gonar barkono da ta nuna gaba ɗaya har ta fi ta Alhaji. Na sauka. Ban nemi ƙofar kowa ba. Na ɗauki barkonon da shanun da rumbunan, na ɗauki gadar ta gaba da ta gefe, na ɗauki hanyar da ta shiga gari da wadda ta fita ta bayan rumbuna. Wani mutum ya ratso da fartanya, na sauke waya na jira ya wuce, sannan na ɗauka. Na zauna a kan dutse na buɗe littafi ina rubutu.

Inuwa ce ta fara rufe min takarda. Na ɗaga kai, maza huɗu, 'yan sintirin garin, biyu da gora, ɗaya da adda, ɗaya da bindigar toka. Mai fartanyar nan yana gabansu. Daga baya na ji sunansa Idi.

Ya ce, “Me kike rubutawa?”

Na ce, “Abin da na gani.”

Ya ce, “Wa ya aiko ki?”

Na ce ba wanda ya aiko ni, ga wanda ya kawo ni can, ku tambaye shi. Na juya. Ɗan acaban nan yana kan babur, ya riga ya juya kansa. Ya ce, “Ni fasinja na ɗauko, ban san ta ba.” Ya ba shi wuta. Ina kallon bayansa har ya ɓace cikin dawa.

Wani ya fizge wayar, wani ya fizge littafin. Ban san daga ina mutane suka fito ba, kafin mu kai tsakiyar gari sun fi ƙarfin ƙirga. Na ji kalmar tana tafiya daga baki zuwa baki, infoma, infoma. Wani abu ya same ni a kafaɗa, dutse ne ko ɓawon rake ban sani ba. Takalmina ɗaya ya cire, ban tsaya ba. Wata mata ta leƙo ta kan danga ta ce, “Ku duba ƙugunta, suna ɗaura wata wayar a can.” Ni da ake cewa ba a taɓa ganin na ja da baya a faɗa ba, ranar na sunkuyar da kai na bi su. Ina ta salati a zuci, ina cewa ashe a nan zan ƙare, 'ya'yana ba su ma san sunan garin ba.

Mai unguwa ne ya tare su a ƙofar zaurensa, dattijo siriri, ya sa aka shigar da ni aka zaunar a ƙasa. Duk da halin da nake ciki na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice.

Ya ce, “Yanzu kika san da gaisuwa, baiwar Allah?”

Aka ba shi wayar. Wani daga cikin 'yan sintirin yana matsa masa hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa da ƙarfi don na waje su ji. “Gada. Gada kuma. Hanyar shigowa. Hanyar bayan gari. Rumbunan gidan Malam. Shanun Fulanin tudu.” Kowane ya faɗa sai waje ya ɗauki guna-guni.

Idi ya matso ya tsuguna a gabana. Idonsa ja, amma muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, “Ni tambaya ɗaya zan yi miki. Duk mai hoton da na sani mutane yake ɗauka, biki ko suna ko Sallah. Ke hotonki babu mutum ko ɗaya. Ina ganinki kika jira na wuce. Wane ne ke buƙatar hoton hanya ba mutum, in ba wanda zai biyo ta ba?”

Abin da na ɗauka kunya ce da ladabi, shi ne ya zama shaida a kaina. Na ce, “Ba na ɗaukar fuskar mutum ban tambaye shi ba.” Wani a bakin ƙofa ya yi dariyar da ba ta daɗi ba.

Mai unguwa ya ce, “Bara mace ce ta zo da tallan turare. Kwana shida bayanta aka zo aka tafi da wan wannan da ke gabanki, har yau ba shi ba labarinsa. Kin ji dalili.”

Na dubi Idi. Tsorona bai ragu ba, ƙaruwa ya yi, don na gane ba mugunta ke tura su ba. Da mugunta ce da sai in yi ta roƙo. Wannan kuwa ko ni ce a wurinsa abin da zan yi ke nan.

Aka aika aka kira Malama Rifkatu, mai duba marasa lafiya a ɗakin shan maganin garin, 'yar kudancin Kaduna ce, ta daɗe a cikinsu. Aka ba ta littafin ta karanta. Ta buɗe shafin ƙarshe, ta dube ni, sannan ta karanta, don ba yadda za ta yi.

“Rumbu bakwai a gidan bakin rafi, duk a cike. Shanu na saukowa da hantsi ta hanyar gada.”

Zauren ya hargitse. Mai addar ya ce, “Ranka ya daɗe, me kuma ake jira? A ba mu ita mu je bayan gari, za ta faɗi wanda ya aiko ta.” Na san me bayan gari ke nufi. Fitsari ya kusa ƙwace min.

Ban san inda na samo murya ba. Na ce, “Malama, ki ji tsoron Allah, layi uku nake rubutawa. Kin karanta biyu.”

Ta ɗaga hannu, suka ɗan lafa. Ta karanta: “Da Inna na da rai da na nuna mata, ita da ta mutu ba ta taɓa ganin rumbunmu ya kai wuya ba.” Ta koma baya da kanta tana buɗe shafuka. “Barkono a kan fa. Yatsana ya rufe rabin hoton, gobe zan sake. Hayaƙin mazarƙwaila da safe shuɗi ne, da rana fari. Yau na yi kewar jikata Ummi, na ga akuya mai irin tafiyarta.”

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Malama Rifkatu ta ce, “Baba, ni dai ban taɓa jin infoma mai kewar akuya ba.”

Idi ya ce, “Wayo ne. An koya mata.”

Mai unguwa ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, “Takarda ba ta tsaya wa mutum. Mutum ke tsaya wa mutum. Wa ya san ki a ƙasar nan? In an sami wanda zai zo nan da ƙafarsa ya ce tasa ce ke, kafin la'asar, to. In ba a samu ba, ni ba zan iya riƙe mutanen nan ba, kin dai ga yawansu.”

Na ba da lambar Alhajin da nake wa tsinka. Aka kira, aka sa kowa na ji. Da ya fahimci maganar sai ya ce, “Mata da yawa ke zuwa gonata, ban san su ɗaya-ɗaya ba. Kar a sa sunana a wannan.” Ya kashe. Mutumin da kullum yake ce min Hajara ta fi kowa sauri.

Saura lamba ɗaya, ta bangon littafi. Sabis ya ɗauke, Malama ta fita ta hau tudu inda aka fi samunsa. Ta dawo ta ce tsohuwar ta ɗauka, ta ji bayani, ba ta ce komai ba ta kashe.

Daga azahar zuwa la'asar ɗin nan ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi, kuma a zaune na yi ta. Hasken rana ya shigo ta ƙofar zaure ya kwanta a ƙasa, ina kallonsa yana rarrafowa wajen ƙafata mara takalmi. Ni da ke bin haske don hoto, ranar ina roƙon Allah ya tsayar da shi. Malama ta kawo min ruwa a moɗa, na kurɓa. Ta zauna kusa da ni har kafaɗarmu na taɓa juna, ba ta tashi ba ko da aka aiko ana nemanta. A waje ina jin ana wasa adda a kan dutse. Wataƙila mai shirin zuwa gona ne. Ban tambaya ba.

Ladan ya fara gyaran murya sai muka ji babur. Guda ɗaya. Kafin in gan ta na ji bakinta.

“Ina mai unguwar? Ku matsa min, ku ba ku da aiki ne?”

Gwoggo Dije ta shigo, zaninta duk toka, daga gindin kasko ta taso. Ta durƙusa ta gaida mai unguwa yadda ya kamata, ta tambayi iyali, ta tambayi gona, ta yi masa jajen abin da ya same su bara, ba ta tsallake ko ɗaya ba, ni kuwa raina na hannun Allah. Sannan ta faɗi sunan mijinta marigayi da unguwarsu a Gubuchi. Wani tsoho a gefe ya ce ya san shi, sun yi fataucin rake tare.

Ta ce, “Wannan baƙuwata ce. A ɗakina ta kwana sati uku, kwano ɗaya muka ci. Wawuya ce, ba ta jin magana, amma ba muguwa ba ce. In wani abu ya sami garin nan ta dalilinta, kun san gidana, ku zo ku ɗauke ni.” Ta juyo kaina. “Ke kuma, me na ce miki a kan ƙofar mai unguwa?”

Na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da mijina.

Mai unguwa ya ce ya karɓa, amma hotunan garinsa ba za su fita ba, don waya tana ɓata, ana sace ta, ba a san hannun da za ta faɗa ba. Aka miƙo min na goge da kaina, ɗaya bayan ɗaya, gadar, rafin, shanun. Shafin littafin ma na yage na ba shi. Ya ce, “Kin ce ba ki ɗaukar fuskar mutum sai kin tambaya. To gonar ma ta wani ce. Hanyar nan wasu suka share ta. Ko kukar da kika gani a bakin rafi, akwai gidan da ke cin ganyenta.”

Gaskiya ya faɗa. Ni na zo daga nesa na ga kyau, na ɗauka kyau ba shi da mai shi.

Mun fito za mu hau babur, wata mata ta miƙo min takalmina ba ta dube ni ba. Sai ga Idi ya tsaya a gabanmu. Na ja da baya na riƙe zanin Gwoggo.

Ya ce, “Barkonon nan da kika ɗauka, na bakin rafi. Ni da yayana muka saba noma wurin. Bana ni kaɗai na yi.” Ya kau da kai. “Ba mu da hotonsa ko ɗaya. 'Ya'yansa na tambaya.”

Ya juyo ya dube ni.

Ya ce, “Zo ki sake ɗauka. Amma da ni a ciki. Duk wanda ya gani ya san tana da mai ita.”

Muka gangara, mai unguwa na biye da mu. Idi ya shiga tsakiyar gonar ya tsaya ƙiƙam, fartanya a kafaɗa, bai yi murmushi ba. Na ce, “In ɗauka?” Ya ce, “Ɗauki.” Na kama wayar da hannu biyu, duk da haka ta motsa.

Ban koma gonar Alhaji ba. Na ƙarasa kakar a Gubuchi wajen Gwoggo, na koma gida da sanyi. Har yau in na ji babura a bayana sai na waiga, kuma ban ƙara ɗaga waya a ƙasar mutane ba sai na yi sallama an ce min bismillah. Hoton yana nan. Barkonon ya zama jan hazo, fuskar Idi ba ta fito sosai ba, gefe guda ga yatsana. 'Yata ta ce in goge shi, ya lalace. Na ce ta ajiye min wayata. Na aika wa Malama Rifkatu shi ta nuna masa, ta ce ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a haka ya fi kama da yayansa.